Morana a Kan Fata: Asalin Wani Zanen Jarfa na Mutuwa a Ƙasashen Silabawa

A shagunan masu yin jarfa na birane irin su Waso da Firag da Kiyef da Balgirad, akwai wani zane da matasa kan nema idan suna son alamar da za ta nuna asalinsu. Hoton wata mace ce doguwa, mai baƙin gashi a sake har gadon baya, fuskarta fayau babu alamar jini. A hannunta akwai lauje, a bisa kanta kambi na busassun rassa ko na zangarniyar alkama. Wani lokaci akan raba fuskar biyu, rabi ta budurwa, rabi ƙoƙon kan gawa, sa'an nan a kewaye ta da hankaki da jinjirin wata da ƙwayoyin dusar ƙanƙara. Sunanta Morana, ko Marzanna, ko Morena, gwargwadon ƙasar da aka yi zanen, kuma akan gaya wa mai saye cewa ita ce abar bautar da kakanninsa suka ɗora wa sha'anin mutuwa da hunturu tun kafin zuwan addinin Kirista.

An ari kalmar jarfa a nan ne domin ita ce Hausa ke da ita ga zanen ado da ake tsagawa a fata a cusa baƙi, ko da yake a Turai da injin lantarki mai allura ake yi, irin wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a Amurka a 1891. Silabawa kuwa su ne waɗanda Larabawan da suka kira Saƙaliba, watau al'ummomin Rasha da Yukren da Folan da Cek da Sulobakiya da Sabiya da Kuroshiya da Bulgeriya da 'yan'uwansu. Abin da ya sa zanen ya cancanci nazari shi ne, idan aka warware shi zare-zare, sai a tarar kowane sashe nasa daga wani zamani dabam ya fito, kuma abin da ya fi tsufa a cikinsa, watau al'adar ƙauye da ta haifi sunan, manufarta kishiyar ta jarfar ce.

Mutuwa mace ce

Tushen al'amarin yana cikin nahawu. Kalmar mutuwa a Rashanci smert ce, a harshen Folan śmierć, a na Cek da na Sabiya smrt, kuma duk jinsin mace gare su. Masana tarihin harsuna sun mayar da su ga wata tsohuwar saiwa, mer, mai ma'anar mutuwa, wadda ita ce kuma ta ba Latin kalmar mors, ta ba Silabawa kalmar mor, watau annoba. Saboda haka in Basilabe ya kwatanta mutuwa da mutum, mace yake gani. Bajamushe kuwa, da yake kalmarsa Tod namiji ce, namiji yake zanawa, haka ma Girkawan da suka yi da Thanatos. Mai karatun Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin a nan ma cewa ake mutuwa ta ɗauke wane, kuma ita ce mai yankan ƙauna. Bambancin shi ne Hausa ta tsaya ga lamirin mace, ba ta kai ga yi mata fuska da tufafi ba.

Silabawa sun kai ga haka, har suka yi mata laƙabi iri-iri don gudun kama sunanta. Mutanen Folan kan ce Kostucha, watau mai ƙasusuwa. Mutanen Cek kan ce Zubatá, mai haƙora, ko kuma su sassauta su ce kmotřička, sunan da ake kiran matar da ta tsaya wa yaro ranar baftisma, kamar dai a ce 'yar gida ce da ta san kowa tun yana jariri. Rashawa kan ce mai guntun hanci, saboda ƙoƙon kai ba shi da karan hanci.

Fitar da Mutuwa daga gari

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi game da Morana al'ada ce, ba tatsuniya ba. A ƙarshen hunturu, cikin azumin kwana 40 da Kirista ke yi kafin Ista, 'yan matan ƙauye kan ɗaure bambaro a jikin sanda su yi mutum-mutumin mace. Su sa mata farin ƙyalle ko tufafin mata na yankin, su rataya mata duwatsun wuya, a wasu wurare na ɓawon ƙwai, su ɗaura mata kallabi. Sai a ɗaga ta sama a zaga da ita gida-gida ana waƙa, a fitar da ita bayan gari. A bakin kogi ko tafki akan tuɓe mata kayan, a cinna mata wuta, a jefa ta ruwa. A Folan ranar ita ce Lahadi ta huɗu ta azumin, mako uku kafin Ista. A ƙasar Cek Lahadi ta biyar ce, wadda har yau ake kira Lahadin Mutuwa. A yankin Silesiya akan haɗa ta da namiji mai suna Marzaniok, samari su ɗauki nasu, 'yan mata su ɗauki tasu.

Dokokin da ke biye da jefawar su ne suka fi bayyana abin da mutane suka ɗauke ta. Ba a taɓa ta bayan ta faɗa ruwa. Ba a waiwaye a kan hanyar komawa gida. Da gudu ake komawa, kuma an yi imani wanda ya faɗi a hanya, ko wanda ya zo ƙarshe, ba zai ga ƙarshen shekarar ba. Bayan an rabu da ita sai a shigo gari da ɗanyen reshe da aka ƙawata da ƙyallaye, wanda ake kira gaik a Folan, líto a Cek, alamar shigowar sabuwar shekarar noma. Duk wanda ya san yadda hunturun waɗannan ƙasashe yake a zamanin da, wata huɗu ko biyar ƙasa a daskare, rumbu na ƙarewa, tari da zazzaɓi na kwashe tsofaffi da jarirai, zai fahimci dalilin da ya sa sanyi da yunwa da mutuwa suka zama abu guda mai fuska guda.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai, kuma waɗanda suka yi ƙoƙarin hana ta su ne suka adana labarinta. Dokokin majalisar limaman coci ta Firag na 1366 sun yi tir da yadda ake ɗaukar siffar mutuwa a tsakiyar azumi ana waƙe-waƙe a kai ta kogi a nutsar, da zaton ba za ta ƙara cutar da mutanen garin ba. Majalisar Foznan ta 1420 ta umarci limamai su hana irin wannan a Folan. Abin lura a nan shi ne, duka takardun biyu Mutuwa suka kira siffar, ba su ambaci wata abar bauta ba. Hanin bai yi tasiri ba. James Frazer ya tattara bayanan al'adar a littafinsa The Golden Bough na 1890, kuma a yau yaran makaranta a Folan kan yi ta ranar 21 ga Maris, ta zama wasa. A Yukren kuwa Marena a tsakiyar rani take fitowa, daren bikin Kupala, wani lokaci ma reshen itace ne kawai da aka yi wa ado. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara da cewa sarauniyar hunturu ce a ko'ina.

Yadda mutum-mutumi ya zama abar bauta

Wanda ya fara ɗaukaka Marzanna zuwa matsayin abar bauta a rubuce shi ne Jan Długosz, malamin coci na Kirako, wanda ya rayu daga 1415 zuwa 1480. A babban tarihin Folan da ya rubuta ya jera gumakan da ya ce kakanni sun bauta wa, ya gwama kowane da takwaransa na Rumawa. Marzanna da Ceres ya gwama ta, watau uwar hatsi, ba da wata mai mulkin lahira ba. Ya kuma bayyana al'adar nutsarwar da cewa tunawa ce da ranar da aka zubar da gumaka bayan sarki Mieszko ya karɓi addinin Kirista, abin da ya faru a 966. Sai dai tsakanin Długosz da wannan lamari akwai shekara 500, kuma Aleksander Brückner, a littafinsa na 1918 kan tatsuniyoyin bautar Silabawa, ya nuna cewa da yawa daga sunayen da ke cikin jerin daga amshin waƙoƙin biki da al'adun ƙauye aka tsinto su. Akwai ma masanan da ke ganin sunan Marzanna da na Mařena daga Mariya suka samo asali. Wasu kuma sun tsaya a kan saiwar mer, kuma hujjarsu ba ta da rauni. Muhawarar ba ta mutu ba.

Tsohon tarihin Kiyef, wanda ya lissafa gumakan da sarki Vladimir ya kafa a 980, ya ambaci shida: Perun, Khors, Dazhbog, Stribog, Simargl da Mokosh. Mace ɗaya ce a ciki, Mokosh. Babu Morana. Haka kuma ba a tono wani gunki ko sassaƙa da za a iya cewa nata ne ba.

Siffar sunan da ta fi yaɗuwa a yau, Morana, tana da tarihi mai ban takaici. A farkon ƙarni na 19 'yan bokon Cek, da ke ƙarƙashin mulkin Ostiriya, suna ƙishirwar tsohon adabi da za su yi alfahari da shi a gaban Jamusawa. A 1817 Václav Hanka ya sanar cewa ya tsinci kundin tsofaffin waƙoƙi a wani coci a garin Dvůr Králové, kuma a cikinsu Morana ta fito a matsayin mutuwa. Bayan shekara 10 aka bayyana wasu fassarorin kalmomi na harshen Cek a gefen wani ƙamus na Latin na ƙarni na 13 mai suna Mater Verborum, inda aka daidaita Morana da Hecate, mai sihiri da dare a wurin Girkawa. A 1877 Adolf Patera ya tabbatar cewa mafi yawan waɗannan fassarori sabon hannu ne ya ƙara su, na Morana na ciki. A 1886 Jan Gebauer da Tomáš Masaryk, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, suka fito fili suka ce kundin waƙoƙin ma jabu ne, suka sha zagi a kan haka. Amma kafin gaskiya ta fito, mawaƙa da masu zane da marubuta littattafan makaranta sun riga sun karɓi Morana, kuma abin da ya shiga littafin yara da wuya gyaran masana ya fitar da shi.

Sassan zanen da inda kowane ya fito

Lauje shi ne sashen da ya fi gaskiya. A wata waƙar Folan ta ƙarni na 15, wadda ke ba da labarin hirar wani malami mai suna Polikarp da Mutuwa, an siffanta ta mace ce ramammiya, gawa mai ruɓewa, da ƙyalle ɗaure a ka, riƙe da lauje mai doguwar ƙota irin wanda ake yankan ciyawa da shi a tsaye. Wannan siffa ta zo ne ta hanyar coci da zane-zanen Turai na bayan babbar annobar 1347 zuwa 1351. Masu jarfa sukan musanya shi da ƙaramin lauje na hannu, wanda mata ke girbi da shi, domin ya fi dacewa da dantse kuma lanƙwasarsa ta yi daidai da jinjirin wata. Ko da gangan ko ba da gangan ba, wannan musanya ta komar da ita kusa da Ceres ta Długosz.

Kyawun fuska kuwa na baya-bayan nan ne. Mutuwar tatsuniyoyin ƙauye tsohuwa ce ko ƙwarangwal, Marzanna kuma bambaro ce da aka zana wa ido da gawayi. Mai zanen Folan Jacek Malczewski, wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1929, shi ne ya shahara da mayar da ita budurwa ƙaƙƙarfa. A jerin hotunansa na 1898 da 1899 ya ba ta sunan Girkanci na namiji, Thanatos, amma ya zana mace. A hotonsa na 1902, da ke gidan tarihi na ƙasa a Waso, tana rufe idanun wani tsoho da yatsunta a hankali, kamar 'ya da mahaifinta. Gashin da ke malala da da'irar da ke bayan kai kuwa salon Alfons Mucha ne na ƙasar Cek. Kaurin layi da adon gefe sukan fito daga hotunan da Ivan Bilibin ya yi wa tatsuniyoyin Rasha wajen 1900, har da ƙoƙon kai mai idanun wuta a kan sanda, wanda a asali na shingen gidan mayya Baba Yaga ne, ba na Morana ba.

Rabin fuska mai rai rabin gawa ba na Silabawa ba ne sam. Siffar Hel ce, mai mulkin matattu a wurin mutanen arewacin Turai, kamar yadda Snorri Sturluson na Aisilan ya bayyana ta wajen 1220, rabin jikinta baƙi-baƙi rabi launin nama. Ta shigo ne ta littattafan zane na masu jarfa, inda ta haɗu da kwalliyar ƙoƙon kai ta bikin matattu na Meziko.

Batun launi ya fi duka ban sha'awa, domin a nan sana'ar kanta ce ta sauya al'ada. A bakin manoman Folan da Cek da Rasha, Mutuwa fari take sawa, launin likkafani da na ƙanƙara. Amma allurar jarfa tana ajiye tawada ne a zurfin milimita 1 zuwa 2, ƙarƙashin saman fata, kuma ta cikin wannan saman ake hango ta. Baƙar tawada tana jure wannan shekara da shekaru. Fara kuwa takan koma rawaya-rawaya ko ta ɓace. Gwanin mai jarfa yakan bar fatar mai zanen a matsayin rigar, ya kewaye ta da inuwa, amma wannan aiki ne mai wuya, kuma yawanci sai a zaɓi hanya mai sauƙi a lulluɓe ta da baƙin mayafi. Da haka Morana ta wayi gari cikin tufafin mai girbin rayuka na Ingila da Amurka.

Saura alamomin da akan jera a gefe. Akwai wani gicciye karkatacce mai ƙananan rassa da ake sayarwa da sunan alamar Mara, da wasu haruffa da ake cewa rubutun Silabawa ne na kafin Kiristanci. Ba a san wani tsohon rubutu da ya danganta gicciyen da Morana ba. Sunansa da ma'anarsa daga littattafan masu farfaɗo da addinin gargajiya suka yaɗu, musamman bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Haruffan Silabawa na farko da aka tabbatar su ne na Glagolitsa, waɗanda Cyril ya tsara wajen 863 don fassara littattafan coci. Wata alamar kuma tana da haɗari na zahiri, watau kolovrat, ƙafar keke mai hannuwa takwas masu lanƙwasa. Ta fito a zane-zanen Stanisław Jakubowski na 1923, daga baya wasu ƙungiyoyin masu aƙidar fifita jinsi a Rasha da maƙwabtanta suka ɗauke ta tuta. Wanda ya sa aka ɗora masa ita a kafaɗa don ƙawa kawai zai iya tarar ana karanta masa wata magana da bai faɗa ba, kuma goge jarfa da hasken leza ya fi yin ta tsada da zafi da ɗaukar lokaci.

Jarfar da Silabawa suka gada

Akan kafa hujja da Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, wanda ya gamu da mutanen Rus a bakin kogin Bolga a 922 ya ce jikinsu cike yake da zanen itatuwa da siffofi masu duhun kore tun daga farce har wuya. Amma yawancin masana na ganin waɗannan fatake 'yan asalin arewacin Turai ne. Jarfar gargajiya da aka tabbatar a tsakanin Silabawa ita ce ta matan Katolika na Bosniya, wadda ake kira sicanje ko bocanje, kuma Ćiro Truhelka na gidan tarihin Sarayebo ya bayyana ta a shekarun 1890. Tsofaffin mata ke yi wa 'yan mata a bayan hannu da dantse, da allura da kunkunniya ko gawayi da aka kwaɓa da zuma ko nonon uwa. Zanen gicciye ne da da'ira da reshe da rana, kuma a zamanin mulkin Turkawa ya zama shaidar addinin mai shi. Akan yi shi ranar 19 ga Maris ko kwanakin da ke kusa, watau daidai lokacin da 'yan'uwansu na arewa ke jefa Marzanna a ruwa. Babu fuskar mutum a ciki, balle ta Mutuwa. Al'adar ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A Rasha da Folan kuwa, cikin mafi yawan ƙarni na 20, jarfa alamar kurkuku ce ko ta soja da matuƙan jirgin ruwa. Danzig Baldaev, ma'aikacin gidan yari a Leningrad, ya kwafi dubban irin waɗannan zane-zane, inda ƙoƙon kai da lauje ke nuna laifin mutum ko matsayinsa a cikin fursunoni. Sai bayan 1989 sana'ar ta fito fili ta zama ta shago da lasisi.

Idan aka ajiye jarfar kusa da al'adar da ta ba ta suna, saɓanin a bayyane yake. An ƙera Marzanna daga abu mafi saurin lalacewa domin a hallaka ta a yini guda. An hana taɓa ta, an hana waiwayenta, kuma amfaninta duka yana cikin fitar da ita daga iyakar gari. Jarfa kuwa ta shigo da ita cikin fata, inda ba ta fita. Masu ɗauke da zanen sukan ba da dalilai da ba su da nisa da juna: rasuwar wani na kusa, tsira daga ciwo mai tsanani, ko kewar gida ga wanda ya yi ƙaura zuwa Ingila ko Jamus bayan shigar Folan da Cek da Sulobakiya Tarayyar Turai a 2004. Waɗanda suka san al'adar sosai sukan nemi a zana musu mutum-mutumin kansa, da bambaronsa da jan murjaninsa da wutar da ke cin gefen rigarsa, wasu kuma su sa a ƙara ɗanyen reshen gaik a ɗaya hannun.